Gurbin Kabo

Malam Gwadabe ya tsoma alƙalami a tawada, ya kai shi bakin takarda, sai kuma ya janye. Tun hantsi yake wannan aiki a gindin darbejiyar gidansu a Gafasa, kamar mai taɓa tukunya a kan wuta.

Littafinsa na farko ne, labarin ƙuruciyarsa da yayansa Kabo, wanda ya shiga soja lokacin yaƙin basasa. An gama yaƙi shekara biyu ke nan, 'yan'uwansa sojoji sun dawo, masu ƙafa da marasa ƙafa. Kabo kuwa babu shi babu labarinsa, babu wanda ya ce ya ga gawa.

An gyara komai a littafin sai abu ɗaya. Duk inda sunan Kabo ya fito, Gwadabe ya bar gurbi kafin sunan, daidai faɗin kalmar "marigayi". Sau uku yana sa wa kansa rana yana ɗagawa. Wannan karon ya rantse: gobe Malam Gana, abokin koyarwarsa a firamaren Gaya, zai hau mota zuwa Zariya wurin masu buga littattafai, kuma da littafin zai tafi. Ka ji malami, mai kai wa yara bulala in sun makara!

Tsoro yake ji, gaskiya ke nan. Duk shafin da ya buɗe sai ya ji kamar Kabo na tsaye a bayansa yana leƙe, yana jira ya ga ko ƙaninsa ne zai binne shi.

Mutum ɗaya ce ke da ikon yanke maganar, ita kuwa ba ta tambayuwa. Kabo ɗan fari ne. Mahaifiyarsu, Inna Hansai, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tambayar lafiyarsa a gaban mutane ba. Ranar da ya tafi ma, daka ta ci gaba da yi. Kunya ta hana ta nuna so yana nan, yanzu ta hana ta kuka.

Ta fito da ƙwaryar gero, ta zauna nesa kaɗan tana tsince tsakuwa.

"Kai kuwa rubutu kake ko gadi?"

"Inna, wata kalma ce ta tsaya mini."

"Duk bokon naka?"

Ya ajiye alƙalamin. "A kan Yaya ne. Ban san ko in sa masa marigayi ba. Na bar wurin fili, ko'ina."

Hannunta ya tsaya cikin geron. Ya yi zaton za ta tashi, yadda ta saba in an ambaci zancen. Ba ta tashi ba.

"Wuraren da yawa?"

"Da yawa, Inna."

"In an buga, ba ya gogewa?"

"Ba ya gogewa."

Ta daɗe tana kallon ƙofar zaure. Akuya ta zo ta sa baki a ƙwaryar, ba ta kore ta ba.

"Shi wancan," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa, "yana bukatar addu'a. Masu karantawa su yi masa. Cike su."

Gwadabe ya sunkuya ya fara cikewa. Shafi bayan shafi, har inuwa ta juya. Yana kaiwa gurbi na ƙarshe sai ya ji ta tsaye a kansa, ita da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba.

"Saura nawa?"

"Ɗaya."

Ta ɗora yatsa a kan takardar, ba ma a daidai wurin ba.

"Bar masa wannan," ta ce. "Ko zai zo."