Takardar Ɗan Fari

Abdulƙahar ƙanena ne ya cike wa ɗana takardar shiga jami'a, ya zaɓa masa karatun man fetur. Ban hana ba, don ya ce min abin da yaron ya roƙa ke nan.

Sunana Maitama. Daga Bichi na fito. A shekarar 1975 na cika shekara talatin da ɗaya da zama a Libreville, babban birnin Gabon. Shagona yana unguwar Glass, ina sayar da kwanon rufi da ƙusa da makullai. Lokacin kuɗin mai ne, duk inda ka juya gini ake yi, kwano ba ya kwana biyu a shago.

Yaron ɗan farina ne. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi. Ubana bai taɓa kiran nawa ba, ga ni kuma na zama mutum. Iyatu, uwar yaron, ta fi ni kunya, ko tuwo sai ta ba ƙanwarsa ta kai masa. Da ya shiga lise, wato sakandare, sai na riƙa ce masa Ɗalibi. In ina da magana in faɗa wa Abdulƙahar ya kai. In shi ke da magana, ta nan take dawowa. Shekara ashirin muna haka, ban ga ɓaraka ba.

Da ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, Abdulƙahar ya zo shago yana fara'a.

"Yaya, Ɗalibi fetur yake so. Port-Gentil garin mai, gidan kamfani, mota. Mu ma mu ɗana."

Na ce to.

Bayan kwana goma wasiƙa ta zo daga biro, wato ofishin mai ba ɗalibai shawara. Ana son yaro da ubansa kafin Juma'a, ranar da za a rufe sunaye. Bayan Juma'a abin da ke kan takarda shi zai karanta, ko yana so ko ba ya so.

Ranar Laraba da safe na sa babbar riga, muka tari taksi a bakin ruwa. Ni a gaba, su biyu a baya. Ba wanda ya yi magana sai Abdulƙahar.

Mai shawarar mace ce, Madam Mengue, ta kai arba'in, da tabarau. Ta dube mu ta ce kujera biyu ta ajiye, mun zo mu uku. Faransancina na kasuwa ne, amma tana magana a hankali, na ji komai.

"Musye, sunan ɗanka?"

Na juya wajen ƙanena. Abdulƙahar ya faɗa.

Ta ce masa, "Kai na tambaya?" Ta dawo kaina. "Musye, ka manta ne?"

Na ce, "Ban manta ba. Ni na zaɓa masa, ni na yanka ragon. Ba a faɗa."

Ta cire tabarau ta dube ni. Ba ta yi dariya ba. Da ta yi da na tashi.

Ta buɗe takardun. Ta ce lissafinsa takwas cikin ashirin, ilimin halittu sha bakwai. Ta ce karatun fetur lissafi ne daga farko har ƙarshe, in ya faɗi shekarar farko tallafin karatu zai tsaya. Ta ce bana duk uban da ya shigo biron nan fetur yake cewa, kamar ba wani abin da ƙasa take buƙata. Alhali an buɗe sassa da bara babu su, iyaye ba su ma san da su ba.

"Kuma wannan ba rubutunsa ba ne. Na ga rubutunsa a jarrabawa."

Abdulƙahar ya ce, "Madam, hannuna ya fi kyau."

Ta juya ga yaron. "Kai me kake so?"

Kansa a ƙasa ya ce, "Abin da babana yake so."

"Musye, kai me kake so?"

Na ce, "Abin da ya roƙa. Fetur."

Sai na ga yaron ya ɗaga kai. Bai dube ni ba, baffansa ya duba. Abdulƙahar ya shiga gyara hula.

Madam ta ce masa, "Akwai benci a waje."

"Ni ne mai kai magana tsakaninsu."

"Na gani. Akwai benci a waje."

Ya fita. Muka rage mu uku. Ban taɓa zama kusa da yaron haka ba tun yana goye.

Ta ce masa ya gaya wa ubansa gaskiya. Bai motsa ba. Ta ce min in tambaye shi. Na ce ba a yi. Ta yi ɗan tunani, ta tashi da kanta ta juya kujerarsa ta fuskanci taga, tawa ta bar ta tana fuskantar teburinta.

"To kada ku yi magana da juna. Kowa ya yi da ni. Aikina ke nan."

Wannan ba laifi a cikinsa. Na yarda.

Yaron ya ce da taga, "Madam, ban taɓa roƙon fetur ba. Baffa ya ce Baba ya rantse sai fetur."

Na ce, "Madam, gaya masa ban rantse ba. Ni ba na rantsuwa a kan abin da ban sani ba."

Ta maimaita masa, kalma da kalma, kamar bai ji ba.

"Tambaye shi me yake so."

"Aikin gona," in ji shi.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Gaya masa na bar fartanya a Bichi don kada wani nawa ya sake riƙe ta. Na yi noma har tafin hannuna ya tsage. Tambaye shi ko ya san noma, ko a littafi ya gani."

Ya miƙa hannunsa biyu baya, ya ɗora a kan teburin Madam, tafin a sama. Na duba. Kanta ce, irin ta fartanya, ba ta alƙalami ba. Na san ta.

Ya ce shekara biyu ke nan duk Lahadi yana hawa mota zuwa garin Ntoum, lambun Mahamman, wani ɗan Kamaru mai noman tumatir da kuɓewa. Ni ƙwallo na ɗauka yake zuwa. Ya ce ruwan sama yana kashe wa Mahamman rabin tumatir, ganye ya yi baƙi, ba wanda ya san dalili, shi yana son ya sani. Ya ce garin nan kowa na da kuɗi, amma tumatir sai jirgi ya kawo.

Wannan gaskiya ne. Iyatu kullum sai ta yi ƙorafin kasuwa.

Madam ta ce akwai hanya. Shekara biyu na ilimin halittu a nan, sannan makarantar aikin gona. Ta ce ba ta yi masa alkawarin mota ba, amma ba ta jin zai faɗi.

Na ce, "Tambaye shi, in ya fara zai ƙare?"

"Zan ƙare."

"Kawo sabuwar takarda. Shi zai cike, da hannunsa."

Ya cike. Na sa hannu da ajami a ƙasa. Madam ta buga hatimi, ta yaga tsohuwar gida biyu. A bakin ƙofa ta ce min in ina da saƙo gare shi, bironta a buɗe yake. Na ce na ji. Mace ce mai sanin aikinta.

Yaron ya wuce ɗakin karatu. Ni da Abdulƙahar muka koma Glass. Sai da na buɗe shago na zauna sannan ya fara.

"Yaya, alheri na nufa. Na ga in na bar ku, kai ba za ka ce ba, shi ba zai ce ba."

"Ka kai magana shekara ashirin. Sau nawa ka gyara ta a hanya?"

Ya wuce wannan. "Ka duba mutane. Ɗan Sabitu yana kamfanin mai, da farar hular ƙarfe. Gobe a masallaci za a ce ɗan Maitama ya yi boko har jami'a ya koma shuka kuɓewa. Har ni za a yi wa dariya."

"Su yi. Da kuɓewar za su ci tuwo."

"Akwai sauran kwana biyu kafin Juma'a. Uba kawai suke jin maganarsa. Mu koma gobe ka ce ka sake shawara, ka janye takardar."

Wani kafinta ya shigo yana son ƙusa. Na auna masa, na naɗe, ya tafi. Abdulƙahar yana tsaye yana jira.

Na ce, "Ba zan janye ba."