Zaren da Ya Ƙi Saki

Maikano ya shimfiɗa zani a kan yashi, ya zaunar da jikansa Ya'u yana fuskantar kogin Wudil. Shekarar yaron uku, bai taka ba, bai ce "Inna" ba, harshensa kullum a waje. Tun da uban yaron, Haladu ɗan Maikano, ya nutse wajen ɗiban yashi, tsofaffin unguwa ke cewa ɗan ruwa ne. A ajiye shi a gaɓa kawai, in na mutanen ruwa ne za su karɓi abinsu.

Sai ga ƙarar babur. Autarsa Mas'uda, mai karatu a jami'a, ta diro tana haki, takalmi ɗaya a hannu.

"Baba! Uwar yaron nan na can ta yanke jiki ta faɗi. Me za ka yi?"

"Gwadawa kawai. Dubi idanun nan. Wa ya ɗauko a gidanmu?"

Ta durƙusa, ta zana da'ira da yatsa a jiƙaƙƙen yashi.

"Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne, Baba, ɗaya na rabewa ta zama biyu. A cikin kowace akwai zare arba'in da shida, bibbiyu. In za a samu ɗa sai su rabu, uwa ta ba da rabi, uba rabi. A wajen Ya'u wasu biyu suka ƙi sakin juna, suka taho tare. Nasa arba'in da bakwai ne. Likita ya faɗa, ba ku saurara ba."

"Ke da bokonki. Zare a cikin mutum, sai ka ce buhu?"

Amma ya tsuguna, ya daɗe yana kallon zanen.

"Na wa ne ya ƙi saki?"

"An fi samun na uwa. Wani lokaci na uba."

"Shi Haladun, ina ya samo nasa?"

"Rabi naka ne, Baba."

Ruwa ya taso a hankali ya lashe gefen da'irar. Ya'u ya miƙa hannu yana ƙyalƙyala wa wani abu dariya a tsakiyar kogi, inda ba kowa. Maikano ya zabura. Ya sure shi ya saɓa a kafaɗa, ya bar zanin a nan.

"Wuce gaba, Auta. Kada ki waiwaya."

A bayansu wani abu mai nauyi ya faɗa ruwa. Maikano ya ƙara ƙanƙame yaron, yana jin ɗan hannun nan na ɗagawa, kamar mai yi wa wani sallama.