Lambar Hannun Gado

Shekara ta biyu da kafa Shari'a, gero ya fara fidda kai, anka girke shinge a bakin Ƙaura Namoda, kan hanyar da ta fito daga Shinkafi. Wai baƙi sun yi yawa, an kafa kwamitin tantance su. Mu da muke zaune bakin iyaka tun kaka da kakanni babu wanda ya tambaye mu yadda ake gane baƙo. Masu kakin da anka turo sun zo da dabararsu: a tsai da mota, kowa ya naɗe hannun riga. Lambar rigakafin da ake yi wa yaro, in tana can sama ga dantse, ɗan ƙasa ne. In tana ƙasa da gwiwar hannu, aikin likitocin Nijar ne, mutum ya koma gefe. Tantancewar ke nan. Ko akuya za ka saya kana duba fiye da haka.

Gado ɗan wana ne, marigayi Abbati. Direba ne, yana da a-kori-kura da yake jigilar hatsi tsakanin Shinkafi da Ƙaura. Ranar Juma'a da hantsi ina zaure a Badarawa sai ga matarsa Saliha ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Baffa, sun kama shi a shinge. Direbobi sun ce da la'asar za a kwashe su a kai iyaka."

"Mi ya yi?"

"Lambarsa ce ƙasa."

Na sa takalmi. Ban ji tsoro ba ko kaɗan, kuma wannan shi ne wautata ta farko. A ganina magana ce ta minti biyar: in je in faɗi ko ɗan wa ne, a ba shi haƙuri.

An tara su a wani tsohon sito kusa da tashar jirgin ƙasa, mutum ya kai arba'in, zaune a ƙasa. Akwai 'yan ci-rani na gaske, masu ga-ruwa da masu yankan farce, sun yi tsuru. Gado na tsakiyarsu da baƙin mai a riga. Da ya gan ni ya yi murmushi.

"Baffa, ka ga sabon ɗan Maraɗi. Ka zo da guzuri?"

"Rufe bakinka. Kai ko a kabari sai ka yi wasa."

Tebur biyu ne a ƙofa. Ɗaya na babbansu, wani ƙato da ake ce wa Oga, Hausarsa ta barikin soja ce. Ɗaya na magatakarda, Shamsuddeen, ɗan gidan malamai na nan Ƙaura, na san kakansa. Ya tashi ya gaishe ni, ya ba ni kujerarsa.

Oga ya ce, "Tsoho, ka san wannan?"

"Ɗana ne. Gado ɗan Abbati ɗan Muhtari. Gonar kakansa tana nan gabas da Badarawa, tun ba a kawo jirgi garin nan ba ake nomanta. Ni na riƙe ragon sunansa."

"Za ka yi shaida?"

"Abin da ya kawo ni ke nan."

A lokacin nan shaida ba wasa ba ce. Ko cinikin jaki ne mutane na taka-tsantsan da baki. Oga ya sa anka ɗauko takarda mai layi-layi, Shamsuddeen ya riƙe biro. Suna, na faɗi. Sana'a, na faɗi. Sai Oga ya ce, "Ina aka haife shi?"

Na ga yaron malamai ya ɗaga kai ya dube ni. Ban gane duban ba.

Kowa a ƙasar nan ya san mace ba ta haihuwar fari a ɗakin miji. Ciki ya kai wata bakwai a mai da ta gidan iyayenta, can za ta haihu, can za ta yi wanka, sai ta yi arba'in ko fiye ta dawo. Gimbiya uwar Gado ɗiyar Garin Jatau ce, ƙasar Maraɗi, dangin kakarmu ne ma. Ni na raka ta da raƙumi. Tana can masu allura sunka bi gari sunka yi wa jarirai lamba. Ta dawo da shi yana da wata huɗu, bai sake kwana can ba. Abin alfahari ne a wurina, shaida ce cewa mun auro ɗiyar mutunci mun yi mata abin da ya kamata. Duk na zayyana musu, har da sunan unguwarzoma.

Oga ya buga tebur da tafin hannu, yana dariya. "Rubuta. Nijar."

Magana zarar bunu ce. Na ce, "Kai, tsaya. Wurin haihuwa ka tambaya, ba ka tambayi ɗan ina ne ba. Kaza in ta yi ƙwai a gidan maƙwabci, 'yan tsakin na maƙwabci ne?"

"Tsoho, ni takarda nake bi. Ga gurbi nan guda, wurin haihuwa. Ka gani? Babu gurbin kaza."

"Gurbin uba fa?"

"Babu."

"To wanda ya rubuta takardar nan ba ya da uba ne?"

Yaransa sunka yo kaina, ya ɗaga musu hannu. Ya ce in ba don furfura ba da na kwana sito. Ya tashi zai tafi shirin masallaci, ya ce ƙarfe huɗu mota za ta tashi, an ce ya kai mutum arba'in iyaka kuma arba'in zai kai.

Shamsuddeen ya ja ni bayan sito. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Baba, doka tana tare da ku. Wanda ubansa ɗan ƙasa ne, ɗan ƙasa ne, ko a Makka anka haife shi."

"To je ka gaya wa ƙaton can."

"Ya sani. Takardar shaidar asali zai nema, ta ƙaramar hukuma. Yau Juma'a, an tashi. Sai Litinin, in shugaba yana gari."

"Doka tana tare da mu amma ta tafi hutu."

Bai yi dariya ba. Ya ce hanya ɗaya ta rage. Shi zai yaga wannan takarda, ya ce tsoho ya ruɗe, ya haɗa labarin Gado da na wani. Oga zai yarda in na dafa Alƙur'ani gaban mutane na rantse a Badarawa anka haifi yaron, don shi ma yana tsoron a ce ya ƙi rantsuwar dattijo a wannan zamani.

Na dube shi. Jikan malamin da ya koya mani alwala.

"Kai ne kake ce mani in dafa Littafi a kan ƙarya?"

"Baba, ban ce daidai ne ba. Na ce shi ya rage."

Na tafi masallaci. Abin da liman ya faɗa a huɗuba ko kalma ɗaya ban riƙe ba. Ina ta juya abin. Shekara saba'in da 'yan kai ban taɓa rantsuwa a kan abin da na san ba haka ba ne. Kuma ga Gado, wanda ubansa ya damƙa mani hannunsa yana kan gargara. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka ne. Amma wace irin doka ce wannan da sai ka saɓa wa Allah za ta ba ka abin da ita kanta ta ce naka ne? Mutanen da sunka zauna cikin sanyin ofis sunka zana gurbi guda, da sun tambayi tsohuwa ɗaya a Zurmi ko Shinkafi da ta gaya musu rabin 'ya'yan fari na ƙasar nan a wancan ƙetare anka yanke musu cibi, na can kuma a nan. Ba su tambaya ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda ya ƙi tambaya ba rashin sani ke damunsa ba, raini ne.

Da na dawo, an riga an gaya wa Gado. Ya matso bakin ƙofar sito. Wasan ya ƙare.

"Baffa, kalma ɗaya ce."

"Na sani."

"Can ban san kowa ba. Kakannin sun mutu. Jandarma za su tambaye ni katin ƙasarsu, ba ni da shi. Nan baƙo, can baƙo. Saliha cikinta wata takwas."

"Litinin zan karɓo takardar."

"Ka kai wa wa? Ka san inda za su zubar da mu?"

Shamsuddeen ya fito da Alƙur'ani naɗe cikin ƙyalle, ya tsaya. Oga ya harɗe hannu yana kallona. Na yi alwala tun masallaci, hannuna tsarkakakke ne, babu abin da ya hana ni sai ni. Na ce, "Mai da shi inda ka ɗauko. Abin da na faɗa da safe shi ne."

Gado ya ciro makullin mota daga aljihu, bai ba ni ba, ya miƙa wa wani direba da ke tsaye bayana. Anka loda su a babbar mota kamar buhunan gyaɗa, ta kama hanyar Zurmi. Gado ya zagi Oga? Ko kallonsa bai yi ba. Ni ya juya wa baya. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Rana ba ta faɗi ba na iso Badarawa. Gimbiya na tsakar gida tana tsince wake, Saliha na zaune gefenta. Ganina ni kaɗai ya ishe su labari.

Gimbiya ta ce, "Magaji, mi ka ce musu?"

"Gaskiya."

"Wace?"

"Cewa a gidanku kinka haife shi."

Ta ajiye faifan. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kai da wanka Abbati kunka ɗora ni kan raƙumi ina roƙon a bar ni in haihu ɗakina. Kunka ce al'ada. Yau kuma gaskiya. To tashi ka je ka ɗauko mani shi da ita."

Ban jira Litinin ba. Da safe na ba ƙanena saƙon takardar, na shiga motar Zurmi, daga can in nemi ta Jibiya, ina tambayar direbobi ɗaya bayan ɗaya inda ake sauke mutanen shinge.