Sunan Da Na Kira Daga Kan Rufi

"Saki hannuna, Kawu Nham, za ka karya ni," na ce wa maƙwabcina. Kwana shida bai haɗiyi ko kunun shinkafa ba, amma riƙonsa kamar na ƙaguwa.

"In na cika, Khoan, kai za ka hau rufi da rigata ka kira kurwata sau uku, yadda al'adarmu take. Ba ni da ɗa namiji."

"Ni? Ko tsanin rumbu jiri yake sa ni."

"Na sani, ragon banza. Kai da bakinka ka ce ranar da Kwamanda Luc ya buga gangar tawaye gudawa ta kama ka."

Gaskiya ne. Shekara talatin ke nan, ban gama warkewa ba.

"Amma kada ka kira Nham. Sunan aro ne, kurwata ba ta san shi ba, sai ta ɓata a hanya. Suu za ka kira."

Na dubi ƙofa. Suu, mai riƙe tutar Kwamanda, wanda Faransawa masu mulkin ƙasarmu ke nema har gobe! Ashe shi ne ke saƙa mana kwanduna tun da aka murƙushe 'yan tawayen da ke kan duwatsu. Ƙauyen da ya ɓoye ɗan tawaye wuta ake cinna masa, ga gidan dagaci kuwa a bayan shingen gora.

Kawu ya juya kai wajen taga. "Ana ganin duwatsun yau?"

"Gajimare ya rufe su, Kawu."

"A can cikin gora muke dafa shinkafa. Ƙamshin nan... Mu ɗari uku ne. Rabon da wani ya ce mini Suu, tun a can."

Da hantsi ya cika. 'Yarsa Thom ta miƙo mini rigar. "Baba ya ce kai za ka hau, yaya."

Na hau. Daga sama na hango dagaci a tsakar gidansa yana zuƙar taba. Kiran farko, ko kajin gidan ba su ji ba. Na biyu ya ɗan fi. A na uku na buɗe maƙogwaro: "Suu! Dawo gida!"

Dagaci ya ɗago kai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya mini baya, ya shiga sakace kunnensa da tsinke kamar bai ji ba.

Ban iya saukowa nan take ba. Iska ta cika rigar a hannuna, hannayenta biyu suka miƙe wajen duwatsu.