Mazan Dabino a Gonar Baba Mammadu

A Yalwawa, cikin garin Dutse, akwai wani fili da aka kewaye da waya, cike da baƙaƙen ledoji jere-jere, kowace da ɗan tsiron dabino a ciki. Wurin Yahuza ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana renon dashen dabino yana sayarwa, kuma wanda duk ya zo daga Kiyawa ko Jahun ba ya tambayar sunansa na yanka, sai dai ya ce a nuna masa wurin Mai Ido.

Ga yadda sunan ya samo asali. Dabino akwai mace, akwai namiji. Macen ce ke haihuwa. Namijin fure kawai yake yi, a yanko a kai wa macen, kuma guda ɗaya ya ishi mata masu yawa. Abin wahalar shi ne, wanda aka shuka daga ƙwallo ba a gane ko mene ne sai ranar da ya yi fure, shekara biyar ko shida bayan dasawa. To, shi Yahuza cewa ya yi yana ganewa tun a leda. Sai ya tsuguna, ya shafa ganyen da babban yatsa, ya taɓa ƙayar, ya ɗan lumshe ido, ya ce, "Wannan mace ce. Wancan ture shi gefe, ƙato ne." Da farko wasa ne, don ya burge wani mai saye. Da aka fara kiransa Mai Ido, sai shi ma ya fara jin kamar akwai wani abu a yatsan nasa. In an dace, a dawo a yabe shi. In ba a dace ba, shekaru sun riga sun wuce, mai gona ya ce wataƙila wajen lodi aka musanya.

Shekara biyu da suka wuce, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana arba'in, har an fara yi masa kallon tafiya. Da ya tashi, sai ya soma zuwa Limawa bayan la'asar, zauren wani dattijo mai ɗinkin hula, Malam Habibullahi. Malam ba ya ɗaga murya. Yana ɗinki yana cewa, wannan "ni, ni" da ɗan Adam ke yi, inuwa ce kawai. Numfashin da kake ja ba kai ka yi shi ba, hannun da kake taƙama da shi aro ne. Ranar da Yahuza ya fara jin haka, hawaye ya yi ta yi a kan babur har gida. Ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Washegari ya cire allon da ke ƙofar filin, wanda aka rubuta Mai Ido da jan fenti, ya jingine shi bayan tankin ruwa. Ya daina cika baki, ya daina faɗa a kan layi a gidan mai. Kowa ya ce Yahuza ya zama mutum.

Shafa ganyen ne kawai bai daina ba. In mai saye ya matsa, sai ya tsuguna ya zaɓa masa kamar da, sai dai yanzu yakan ƙara da cewa, "Allah ne masani." A ransa, wannan kalmar ta wanke komai.

Wata Talata da hantsi, yana ba ledoji ruwa, wani tsoho ya yi sallama. Dogo ne, siriri, da buhun taki a naɗe a hammata. Sai da ya zauna a benci Yahuza ya gane shi: Baba Mammadu, daga wani ƙauye a ƙasar Taura, wanda ya sayi dashe arba'in shekara shida da suka wuce.

Bayan gaisuwa, tsohon ya warware buhun. Furen dabino ne a ciki, fari, cunkus, yana zubar da gari a kan benci. Yahuza bai buƙaci a gaya masa ba. Furen mace zara-zara yake, da ƙananan ƙulli kamar carbi. Wannan na namiji ne.

"Ashirin da shida," in ji Baba Mammadu. "Cikin arba'in. Bana suka gama nuna kansu."

"Innalillahi," in ji Yahuza.

"Gonar gero ce, ka tuna na gaya maka. Ita muke ci. Na ce bari in bar wa yara abin da zai daɗe. Rani shida ina ɗaukar ruwa a amalanke daga rafi, har sa ɗaya ya mutu a kan hanyar." Ya kakkaɓe garin furen daga rigarsa. "Ban zo rigima ba, ɗana. A gari ana cewa ni na yi sakaci, wai na bari direba ya musanya mini. 'Ya'yana ma haka suke faɗa, a bayan idona. Abu ɗaya na zo in ji daga bakinka. Ranar da ka shafa su, ka sani, ko ba ka sani ba?"

Yahuza ya kawar da kai daga furen. Sai ya nemi inda yake samun sanyi, ya yi ƙasa da murya irin ta Malam.

"Baba, ni wane ne da zan sani? Bawa bai mallaki komai ba. Wannan da ake kira Yahuza ma, in ka duba da kyau, babu shi. Allah ne ke yin yadda Ya so da dabino da mai dabino."

Tsohon ya gyaɗa kai.

"Haka ne," ya ce. "To ni dai ranar da na zo, akwai wani a nan. Da farar hula. Ya buga ƙirji ya ce in aka samu maza fiye da uku, in canza masa suna. In ka gan shi, ka ce ina gaishe shi."

Ya miƙe ya tafi. Furen ya bari a kan benci.

Da azahar Yahuza ya koma gida ya ba matarsa Adawiyya labari, yana gyara shi yadda zai yi daɗin ji. Tana tankaɗen gari a tsakar gida, ba ta ɗago ba sai da ya kai wajen da ya ce babu shi.

"Au, Baban Safina, ashe babu kai?" ta ce. "To wa ya tashi da malmala uku jiya har yana tambayar ƙanzo?"

"Adawiyya, wannan magana ce ta ilimi."

"Na yarda, ni ban je Limawa ba. Amma da na ga kuna shafa ganyen nan, na taɓa tambayarka me kake ji a jiki, ka ce mini mata ba sa gane wannan. Ashe mazan ma ba sa ganewa." Ta buga rariya a gefen ƙwarya. "Tsohon nan tun daga Taura fa."

Bai ci abincin ba. Bayan la'asar ya hau babur ya nufi Limawa, yana da tabbacin can za a fahimce shi. Ya jira har sauran masu zuwa suka watse, sannan ya matsa kusa ya faɗa wa Malam Habibullahi komai, har da amsar da ya ba tsohon.

Malam ya lashi bakin zare, ya kai shi kafar allura sau biyu bai shiga ba, sai a na uku.

"Ka sani, ko ba ka sani ba?" ya ce.

"Allah gafarta Malam, ai kai ka koya mana cewa..."

"Tambayar tsohon nake maimaita maka. Ba ta da wuya."

Yahuza ya sunkuyar da kai. "Ban sani ba. Ba wanda ke sani."

"Tun yaushe ka san ba ka sani ba?"

Ya so ya ce tun bayan ciwo. Bakinsa ya ƙi. "Tun farko," ya ce. "Wani lokaci nakan manta."

Malam ya ci gaba da ɗinki. "Na ce muku alherin da ya bi ta hannunku, kada ku yi taƙama da shi, ba naku ba ne. Ban taɓa cewa ɓarnar da hannun ya yi a nemi mai ita a rasa ba. Shekara nawa ana kiran Mai Ido kana amsawa, ba ka taɓa cewa babu kai ba. Sai yau da aka zo da buhu." Ya ɗago ya dube shi, ba fushi a fuskarsa, kuma hakan ya fi ciwo. "Allon nan da ka ce ka cire, ina ka kai shi?"

"Yana bayan tanki."

"Ka ga, ajiye shi ka yi."

Yahuza ya fito daga zauren. Abin da ya fi ƙona masa rai, sanyin nan da ya samu shekara biyu, wanda yake ganin shi ne abu mafi tsabta da ya taɓa mallaka, yau ya ga ashe har da shi ya yi mayafi.

Ranar Alhamis da sassafe ya shiga mota, ya sauka a Gujungu, ya hau acaɓa zuwa ƙauyen. Aka nuna masa gonar. Daga nesa kyakkyawa ce, layi biyar, kore shar a tsakiyar busassun gonaki, kowace bishiya ta fi tsayin mutum. Baba Mammadu na zaune a gindin wata tsamiya a bakin gonar tare da wasu magidanta huɗu. Ɗaya daga cikinsu, da ya ji an ce Mai Ido ne, har ya miƙe da murna, ya ce dama yana shirin zuwa Dutse da damina ya zaɓo nasa.

Yahuza ya durƙusa ya gaishe su. Sannan ya ce, "Baba, na zo da amsar tambayarka. Ban sani ba. Ba direba ne ya musanya ba, ba kai ka yi sakaci ba. Dabinon ƙwallo ba mai gane shi a leda, ni ma ban taɓa ganewa ba. Ni na ce maka na sani, kuma ƙarya na yi."

Wanda ya miƙe ɗin ya koma ya zauna a hankali. Wani ya ce, "La'ilaha illallahu. Ƙanina ma a wurinka ya saya, shekara uku ke nan yana ban ruwa."

"Ka gaya masa abin da na faɗa," in ji Yahuza.

"Ni zan gaya masa? Kai dai za ka gaya masa."

Yahuza ya juya ga tsohon. "Akwai hanyar da ba ta kuskure, Baba. 'Ya'yan da ke fitowa a gindin macen da aka riga aka ga haihuwarta, in aka cire aka dasa, mata ne tabbas. Sun fi wuyar samu, shi ya sa ban bi ta nan ba. Zan nemo ashirin da huɗu, in kawo, in dasa da hannuna."

"Su haihu yaushe?"

"Shekara huɗu. Ko biyar."

Baba Mammadu ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Shekarata saba'in da uku. Ka kawo, yara sa ci in sun ga dama." Ya dubi mutanen. "Kun dai ji da kunnenku. A daina cewa na tsufa har ban san abin da aka loda mini ba."

"Ka yafe mini, Baba."

Tsohon ya miƙa hannu bayan tsamiyar ya jawo gatari, wanda da alama ya kwana biyu a jingine a wurin.

"Tun makon jiya nake zuwa da shi, in kasa," ya ce. "Kowanne na san shi. Wancan na ƙarshen layi, akuya ta cinye shi har ƙasa, na yi masa shinge da ƙaya ya farfaɗo. Na ɗaura wa mazan tsumma. Ka bar biyu saboda matan. Sauran ka san aikinsu."

Yahuza ya karɓi gatarin. Ya cire babbar rigarsa ya rataye a reshe, ya shiga layin farko. Bishiyar da ke da jan tsumma lafiyayya ce, ganyenta sun baje, ba abin da ta yi wa kowa. Ya yi bisimilla ya kai sara. Ƙaya ta shige masa bayan hannu, jini ya fito, garin furen ya zubo masa a ka da fuska, har cikin baki. Jikin dabino ba ya saruwa da sauƙi, zare-zare ne, gatarin sai ya nutse ya maƙale. Kafin ta farko ta faɗi, tafin hannunsa ya yi bororo wuri biyu, ɗaya ya fashe.

Ya tsaya yana haki, ya dubi hannun. Yana zafi, kuma ba wanda ke jin zafin sai shi.

A gindin tsamiya sauran mutanen sun watse, kowa da labarin da zai kai gida. Baba Mammadu kaɗai ya rage, ya juya wa gonar baya yana kallon hanya. Da ya ji ƙarar faɗuwar bishiyar bai waiwayo ba.

"Saura ashirin da uku," ya ce.

Yahuza ya tofa yawu a tafin hannu, ya matsa gindin ta biyu.