Ɗaurin Batirin Buraima

Wani dare, a shekarar da aka sauke tutar Turawa, na ji ƙurus-ƙurus a ƙofar gidanmu da ke unguwar Choggu a Tamale, kamar tsohuwa na taunar aya. Na fita da fitila. Daga hancin motar Buraima ƙarar ke fitowa.

Buraima maƙwabcina ne, direban akori-kurar Mma Memunatu mai fataucin man kaɗe. Ƙarfen da ke danne batirin motar ya karye, aka rasa irinsa duk Tamale. Sau biyu batirin yana tsalle a gargadar hanyar Yendi, waya ta tsinke, kaya su kwana a daji. Mma Memunatu ta ce, "Ɗana, in aka yi na uku, ajiye mini makullina."

Ni na ba shi shawara. Karatuna bai wuce aji uku ba, amma na daɗe ina kallon masu haɗa ganga. Ɗanyar fata in ta bushe tsukewa take yi, ba ta sakin abin da ta kama. Muka samo ta a wurin mahauta, muka yanka ta siri-siri, muka naɗe batirin da mazauninsa.

To, a daren da na ji ƙarar nan, sai na buga wa Buraima ƙofa. Yana ɗaga murfin inji, gafiyoyi biyu suka dire, ƙiba ta ishe su. Sun cinye ɗauri ɗaya cikin biyar.

"Baba, ka kashe ni! Da asuba za mu tashi!"

Na ce, "Huɗu sun rage. Ka taɓa ganin gafiya na cin yaji?"

Matarsa Azeta ta kirɓa barkono, muka shafe fatar tas.

Da safe na hau bayan motar, don ina son in ga ƙarshen abin. Inji na ɗaukar zafi, ƙamshi ya tashi. Karnukan Choggu suka raka mu har bayan gari. Na ƙirga tara, har da mai ƙafa uku. Mma Memunatu tana gaba tana ta atishawa.

"Buraima, wa ke dafa ganda a motata?"

"Sabon gyara ne, Mma."

"Gyaran uwaka! Saura gishiri."

Duk ramin da muka faɗa, sai in ga ƙeyar Buraima ta jiƙe da zufa. A Yendi Mma Memunatu ta sa ya buɗe murfin injin. Ta kama batirin da hannu biyu ta girgiza. Motar duka ta yi rawa, shi ko gezau.

"Riƙe makullin," ta ce, tana share hawayen yaji.

Da muka dawo, 'yan unguwa suka taru kallo. Fatar ta koma kamar ƙaho. Zubeiru tela, maƙwabcinmu, ya gwada ta da almakashinsa, bakin almakashin ya lanƙwashe. Ya dube ni, ya dubi Buraima.

"To, ran da batirin ya mutu, da me za ku ciro shi?"