Zabibin Baba Tamba

"Kalilu, ja ƙyauren ga," in ji Baba Tamba, maƙwabcina. Sai da na rufe sannan ya janyo wata kwalba daga ƙarƙashin gado. Yana buɗe ta warin ya doke ni.

"Subhanallahi! Baba, giya ta wagga?"

"Zabibi na, anka jiƙa cikin ogogoro. Ɗiyata Rauda tak kawo min daga Birnin Kabi. Wai yana kashe sanyin ƙashi."

Tsohon masunci ne, duk Argungu an san shi. Ruwan da ya ciyar da shi, shi ya cinye masa gwiwoyi. Shekaru ke nan ina ɗaukar masa kujerar roba zuwa masallaci, ya zauna a ƙarshen sahu. Idan muka yi sujada, sai ya ɗan sunkuyar da kai kawai.

"Baba, ka san abin da malamai sunka ce. Kwana arba'in ba a karɓar sallar wanda yas sha."

"Na riga ka sani, yaro." Ya yi 'yar dariya, idonsa kuwa ya kawo ruwa. "In sadaukar da sallar kwana arba'in, in samu in aza goshina ƙasa ko sau guda kahin in tahi. Ka ga an cuce ni ga cinikin ga?"

Wallahi tausayinsa ya fi ƙarfin wa'azina.

Kullum da safe yana tauna 'yan ƙwayoyin zabibin yana yamutsa fuska. Bai fasa salla ba, amma ya daina shiga jam'i, wai kada ya ɓata wa mutane sahu da warin bakinsa. Kowace Azahar yakan dafa bango ya gwada durƙusawa. Gwiwar ko gezau.

"Gobe dai," yake cewa.

Bai kai kwana arba'in ɗin ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ranar Talata da hantsi ya cika. Rauda ta riƙe ni a zaure tana kuka.

"Yaya Kalilu, sallolin nasa hwa? An karɓa?"

Na ce Allah mai rahama ne. Iyakar abin da na sani ke nan.

Ni na shiga kabarin na karɓe shi. Ƙafafun ba su miƙe sosai ba ko a cikin likkafani. Na kwantar da shi ta dama, na gyara masa kai a hankali, har gefen goshinsa ya taɓa ƙasa.